Warin Isansi da Huhun Goron Surukina

Abubuwa da yawa sun same ni a kan motar nan, wasu har na manta su, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai goron ɗaurin auren ƙanin matata garin Babankatami. Har yau in na ga ana zagayawa da faranti a wurin ɗaurin aure sai in ji wuyana ya yi nauyi, in sunkuyar da kai, ko da a garin da ba wanda ya san ni ne.

Bari in fara da motar. Tsohuwar kat-kat ce, irin mai ja da taya huɗu, mai dogon baya, na saye ta a Keita hannun wani dattijo. Ta yi ƙuruciyarta tana hawan duwatsun can da ma'aikatan dashen itatuwa, ni kuma na same ta bayan ta gaji. Sana'ata sayar da irin albasa da taki a Madawa, ina bukatar abin da zai shiga fadama ya fito ba tare da an tara mutane turi ba. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an sa mata kafaɗa take rufuwa, amma injinta lafiya lau. Aibinta guda ne: warin fetur, wanda mu nan muke kira isansi, a cikin motar inda mutane ke zama.

Ni kuwa mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi. In fitila ta mutu a gidana ba na sayen sabuwa sai na farke tsohuwar na ga abin da ya kashe ta (sau da yawa kuma in kasa mayar da ita yadda take). To warin nan ya ɗaure mini kai, don yana da halaye kamar mutum. Da safe ba ka jin sa sosai. In rana ta take sai ya fito. A kan kwalta yana lafawa, a hanyar burji yana tashi. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ka sauke gilashi don iska ta shigo, maimakon ya ragu sai ya ƙaru. Wannan kam ya tsaya mini a rai, ina cin tuwo ina tunaninsa.

Na fara da gaba, inda kowa zai fara. Na ɗaga kapo, wato murfin inji, na bi tiyon da ke kai mai zuwa karbirato da yatsa, na tarar ya tsattsage a baki. Na yi murna kamar na tsinci wani abu, na sauya shi, na ɗaure da sabon kolye, zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo. Wari ya ragu, amma bai tafi ba. Na duba murfin tanki, robarsa ta bushe, na yanko tsohon tib na taya na yi masa wata. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, washegari na jawo shi ina neman ɗigo, ban ga komai ba sai sawun kaji. Na ɗebo toka daga murhun uwargida na barbaɗa a duk wata mahaɗa ta tanki, don in akwai inda ke tsattsafa tokar za ta jiƙe ta nuna. Toka ta kwana a bushe. Na fitar da shimfiɗun ƙasa na wanke da sabulu, na tsinci wata tsohuwar jarka ƙarƙashin kujerar baya na jefar, ina cewa yau na kama ɓarawo.

Akwai ranar da maƙwabcina ya fito zai tafi masallaci ya tarar da ni a durƙushe da gwiwa da hannu, ina zagaya motar ina shinshina tayoyi. Ya yi sallama, na amsa daga ƙasa. Bai tambaye ni komai ba, amma na lura tun daga ranar yana gaishe ni a hankali.

Na kai ta wurin Illa makanike, abokina ne tun muna samari. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya ja numfashi mai tsawo.

"Patoro, ni ban jin komi," in ji shi (haka yake kirana, wato maigida).

Na ji daɗin maganar ƙwarai. Sai daga baya na tuna cewa Illa da fetur yake wanke hannu, rigarsa ma in ka matse ta za ta tayar da moto, wato babur. A lokacin dai ban kawo wannan a raina ba. Ni kaina, saboda yawan cusa hanci a injin, na daina jin warin gaba ɗaya. Hancina ne ya mutu, ni kuma na ɗauka warin ne ya mutu.

Mutum ɗaya ce ta ƙi yarda, uwargida. Tana da tsohon ciki a lokacin. Ta leƙa kanta ta taga ta janye da sauri.

"Baban Nana, walle motag ga ba ta warke ba. Isansi nika ji har cikin maƙoshina."

Na yi dariya irin ta masu ilimi. Na ce mata ai ita yanzu ko ruwan randa wari yake mata, shekaranjiya ma ta ce matashin kaina yana ƙarnin kifi. Ta ce to. Ta dai ce ita ba za ta shiga ba, biki kuma a gaishe su, dama likita ta hana ta doguwar hanya.

Don in rufe mata baki sai na nemi shaidu. Ranar kasuwa in zan tafi ƙauye sai in tsaya in ɗauki masu tafiya a ƙasa, tsofaffi da mata masu kaya. In mun ɗan yi nisa sai in waiwaya in ce, "Jama'a, ko kuna jin wani wari cikin motag ga?" Su kuwa sai su haɗa baki: "Wari? Ina! Lahiya lau take, Alhaji. Allah shi ƙara arziki." (Ni ba Alhaji ba ne, wannan kaɗai ya isa ya nuna mini irin shaidar da nake karɓa.) Mutumin da ka ɗauke wa tafiyar ƙasa cikin rana, kyauta, shi za ka tambaya ko motarka na wari? Amma haka na riƙa dawowa gida ina ba uwargida rahoto: yau ma kowa ya ce babu.

Ana haka aka sa ranar ɗaurin auren ƙaninta. Su mutanen Buza ne, yarinyar kuma 'yar dangi ce a Babankatami. Surukina (ba zan faɗi sunansa ba, Baba nake ce masa) ya aiko cewa tunda ina Madawa inda goro ke sauka da kyau, kuma ina da mota, ni zan sayo huhun goron ɗaurin aure, in biyo ta Buza in ɗauke shi da dattawa. Wanda bai san Baba ba ba zai gane girman wannan aike ba. Tun da na auri 'yarsa gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, daga nesa, ni a tsugune shi yana kallon gefe. Wannan ne karo na farko da ya ɗora mini wani abu nasa a ka. Na ƙudurta cewa goron da zan kai sai an yi shekara ana labarinsa.

Na zaɓi fari mai manyan ƙwaya, na sa aka haɗa da ja. Mai goro ya ɗaure huhun da ganyensa, ya yayyafa masa ruwa, ya ja mini kunne: kada rana ta taɓa shi, kada ya bushe. Na ɗauke shi da kaina na kai can ƙuryar baya ta hagu, na jingina shi da bangon motar, na tokare da buhu don kada ya yi ta birgima. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi motar. Ni mai sayen mai kwalba-kwalba ne a bakin hanya, gwargwadon tafiyar ranar. Amma yau zan ɗauki suruki, ba zan yarda mai ya ƙare mana a daji ba. Na shiga gidan mai na ce a cika ta har wuya.

Da na isa Buza, kafin dattawa su fito, na buɗe baya na taɓa gindin huhun. Na ji shi a jiƙe, har ƙasan motar ya yi danshi. Raina ya yi fari. Na ce lallai mai goron nan ya san aikinsa, ga goro na shan sanyinsa. Na ma shinshina hannuna, amma hannun da ya yi makonni a cikin inji me zai gaya mini sabo? Na rufe ƙofa da kafaɗa.

Baba ya shiga gaba. Ƙaninsa, wanda muke kira Kawu, ya shiga baya da wasu dattawa. Muka kama hanya, duwatsu da kwazazzabai, motar tana tsalle tana dira. Ba mu yi nisa ba na ga Baba ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Na ce a raina ƙurar hanya ce. Na duba madubi na ga idon Kawu ya yi ja yana hawaye, wani dattijon kuma ya kafa kai a taga. Don in kyautata musu sai na sauke gilashina har ƙasa. Sa'an nan, saboda ƙwaƙƙwafin nan nawa da ba ya barina, na yi gyaran murya.

"Baba, ko kuna jin wani wari cikin motag ga?"

Bai dube ni ba. "Babu komi. Mu dai tahi."

"Kawu, ku hwa?"

"Mura ce ta kama ni tun jiya," in ji Kawu, yana share ido da bakin riga.

Na ji kaina ya ƙara girma. Ga shaidar dattawa, wa kuma zai yi musu? Har na fara shirya yadda zan ba uwargida labari.

Mun isa Babankatami da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a inuwar itacen bedi a ƙofar gidan amarya, jama'a ta cika, liman yana tsakiya. Samari suka sauke huhun suka kai gaban Kawu. Ya kwance igiya, ya buɗe ganye, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya dubi Baba. Baba ya dubi tabarma. Kawu ya ja numfashi ya fara zuba goro a faranti. Ni ina gefe ina ganin duk wannan, na fassara shi da cewa kyan goron ne ya kashe musu baki.

Sanƙira kuwa, mai shelar nan da ba a rasa shi a wurin biki, ya miƙe ya buɗe murya. Ya ce jama'a su shaida, goron nan daga Madawa ya taso, surukin gida ne ya zaɓo shi da hannunsa, ya ɗauko shi a motarsa ta kansa. Ya kira sunana, ya kira na mahaifina, ya haɗa da na kakana da ko ni ban cika tunawa da shi ba. Na sunkuyar da kai irin na tawali'u, ina murmushi a ciki.

Faranti ya fara zagayawa. Na lura da wani abu: duk wanda ya ɗauka sai ya kai kusa da baki, ya ɗan tsaya, sa'an nan ya riƙe a hannu. Wani dattijo mai farin gemu da ke daura da ni shi ya riga ya gatsa. Ya daina tauna. Ya ajiye abin a kumatu, bai haɗiye ba, bai tofar ba, yana kallon sama kamar mai tuna wata aya. Wurin ya yi tsit fiye da yadda ɗaurin aure ke yi.

Daga cikin zaure sai wata murya ta fito, siririya amma mai kaifi.

"Wa yak kawo goron ga?"

Kaka Yalwa ce, mahaifiyar Baba, wadda ango da amarya da matata duk jikokinta ne. Ta tsufa har ta wuce a ce mata ta koma cikin mata, a bakin zaure take zama ta ga komai. Ba ta da haƙori, da magogi take goge goronta, kuma ita aka fara kai wa don girmamawa. Tsakanina da ita wasa ne, tunda na auri jikarta "miji" take kirana.

Aka ce mata, "Mijinki na Madawa."

"Ku turo mini shi nan." Na taso na tsuguna a gabanta, har lokacin ina zaton yabo ne. Ta miƙo mini magogin a hanci. "Kai miji, moto ka ɗauke ni? In ci wanga in tashi da gudu in nuhi Buza?" Ta juya wajen ƙofar cikin gida ta ɗaga murya. "Ku hwaɗa ma masu tuwo, duk wanda yac ci goron Madawa kar a bar shi shi yi hamma kusa ga murhu!"

Dattijon nan mai farin gemu shi ya fara. Ya juya ya tofar, dariya ta ƙwace masa har yana tari. Sai wurin gaba ɗaya ya ɓarke. Samari suna riƙe ciki, sanƙira ya zauna a ƙasa, liman ya rufe baki da carbi kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ɗauki ƙwaya ɗaya daga faranti na gatsa, don har a lokacin ina son in tabbatar da kaina. Hancina ya mutu amma harshena yana nan da rai. Fetur ne tsantsa, kamar na tsotsi tiyo. Na ji zufa ta keto mini tun daga tsakiyar kai, na rasa inda zan sa idona.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Baba. Da dariyar ta lafa sai kowa ya tuna abin da ke gabanmu. Ba a ɗaura aure ba tukuna, goron dangin ango ya lalace gaba ɗaya, ranar ba ta kasuwa ba ce, kuma ga dangin amarya zaune suna jira. Kunyar ba tawa ba ce ni kaɗai, ta gidansu ce, kuma ni na ɗauko ta tun daga Madawa na sauke a gaban jama'a. Na fara lissafin komawa Buza in nemo wani.

Mahaifin amarya ne ya miƙa hannu ya jawo faranti. Ya juye goron nawa a gefe, ya goge farantin da hannun riga. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙullin goronsa na ci, ya zuba. Ya tura wa na kusa da shi. Shi ma ya laluba aljihu. Haka farantin ya zagaya, wannan ya sa guda, wancan ya sa ɓari, wani tsoho ya kwance bakin rawani ya fito da wani da ya fara yanƙwanewa. Da ya dawo gaban liman bai cika ba, amma aka ɓare shi ƙanana ya ishi kowa. Liman ya ɗaura aure, aka shafa fatiha. Aka miƙo mini ɓari, na karɓa kaina a ƙasa.

Jama'a na watsewa na nufi motar, don kunya ba ta kashe mini son sani ba. Na buɗe baya. Inda huhun ya zauna ga danshi nan, kuma yanzu da na duba da idon basira na ga daga ƙasan bangon motar yake gangarowa. Na ɗauko sukurdireba na kwance faifan da ke rufe wurin. A bayansa ga wuyan tanki, inda mai ke bi ya sauka, kuma kusa da shi ga wani ɗan siririn tiyo da ban san da zamansa ba, wanda tanki ke numfashi ta cikinsa. Ya bushe ya tsage kamar kaushin diddige. Nan take komai ya warware mini. In mai kaɗan ne, tururi kawai ke fita, rana ta ƙara shi, gilashi a buɗe kuma ya jawo shi daga baya zuwa gaba. Da na cika tanki har wuya na hau duwatsu, sai man da kansa ya riƙa fantsamowa. Ni kuma duk faɗin motar nan ban ga inda zan jingina goro ba sai daidai wurin. (Ina jin kunyar faɗa, amma a wannan lokacin, a tsakiyar abin kunyata, na ji daɗi.)

Wani mai lambu ya ba ni guntun tiyon injin ban-ruwa na maye tsagaggen da shi, na lallaɓa muka kamo hanyar dawowa. Muka yi ta tafiya har muka kusa Buza. Baba ya sauke rawani daga hanci, yana kallon gabansa, ya ce, "Yanzu kam ya ragu." Na ce, "To, Baba." Wato tun da safe yake shan abin nan, kansa na sarawa, amma ya gwammace ya shaƙa da ya kushe motar surukinsa a gaban mutane.

Labari ya riga ni isa gida ta waya. Uwargida ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta kawo mini ruwa, ta zauna, ta tambaye ni cikin ladabi ko hanya ta yi kyau, kuma ko Kawu ya samu sauƙin murarsa.

Illa ya sa mini sabon tiyo na gaske. Amma wannan karon ban tambayi kowa a bakin hanya ba. Na cika tanki, na sayi goro mai kyau na rataye shi a wuyana cikin jaka, na koma Babankatami. Na ce wa Kaka Yalwa ta zo mijinta zai zagaya da ita gari. Aka ɗora ta a kujerar baya, daidai ƙuryar nan, na bi da ita hanyar da ta fi kowace duwatsu. Da muka tsaya na juyo na ce, "To, Kaka, mi kika ji?"

Ta ɗaga hanci ta shinshina hagu, ta shinshina dama. Sa'an nan ta matso ta shinshina rigata.

"Mota dai ta warke," in ji ta. "Saura mai ita."

Abin da na koya ke nan. In kana son sanin ko abinka na wari, kada ka tambayi wanda ke jin nauyinka, kada ka tambayi wanda ka yi wa alheri da safe. Ka nemi wanda zai iya yi maka dariya a fuska. In kuma matarka ta riga ta gaya maka a gida, ka yarda kawai, don ita a cikin ɗaki take faɗa, Kaka kuwa sai an tara gari.